Allon Malam Isiyaku na Saman Tanki

Ina tashar motar Tudun Wada ranar kasuwa da hantsi, ina jiran a gama ɗaure buhunan masara a kan motar da za ta kai ni Kano, sai wani direba da na sani tun zamana a Tiga ya leƙo ta taga ya kira sunana. Ya ce, "Malam Habibu, ashe ba ka ji ba? Malam Isiyaku mai duba sama ya cika jiya da la'asar a Dangora. An kai shi tun kafin magariba." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na sake faɗa. Na sauko daga motar ban ko nemi jakata ba, sai da yaron mota ya biyo ni da ita. Abin da na fara yi da ƙafata ta taɓa ƙasa shi ne na ɗaga kai na dubi kudu, don haka marigayin ya saba mini, kuma jikina bai san wani abu ba bayan wannan.

Mutane da yawa za su yi kukan rashin Malam Isiyaku, kuma kowa da dalilinsa. Nawa kukan ya bambanta da nasu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗauke da wata magana zuwa ƙofar gidansa, in zauna a tabarmarsa, in sha ruwansa, in tashi in komo da ita ban sauke ba. Kullum ina cewa sai wani zuwan. Yanzu babu wani zuwan. Abin da na kasa faɗa wa mutum ɗaya a zaurensa, dole in faɗe shi a nan gaban kowa, domin sunan bawan Allahn nan ya shiga kabari da tabon da ba nasa ba ne, nawa ne.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Isiyaku shi ne ke riƙe da ƙaramar tashar duba yanayi da ke gefen madatsar ruwa ta Tiga. Ɗaki ɗaya ne da teburi, da babban littafin rubuta rahoto, da rediyon oba-oba mai yawan ƙara. A waje akwai ma'aunin ruwan sama, da ma'aunin zafi a cikin farin akwati, da ɗan abin nan mai juyawa da ke nuna ƙarfin iska. An kafa tashar ne saboda masu noman rani da ma'aikatan ruwa, amma a shekarun tamanin sai ta zama abin dogaron wasu mutane dabam, wato matuƙan ƙananan jiragen sama. Akwai masu feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa, akwai masu ɗaukar masu manyan gonaki tsakanin Kano da Jos. Duk wanda zai nufi kudu sai ya bi ta kan dajin Doguwa da duwatsunsa, inda hadari ke haɗuwa ba sallama. Rahoton da suke samu daga birni na safe ne, kuma daga nesa aka yi shi. Saboda haka kafin mutum ya tayar da injinsa sai ya kira Tiga ya ji abin da ido ke gani a lokacin.

An turo ni wurinsa ina da shekara ashirin da bakwai, da takardar makaranta a hannu da girman kai a ka. Na zaci zan tarar da tsoho mai jiran a koya masa sabon aiki. Na tarar da siririn mutum mai gajeren gemu, da fensir a maƙale a kunne, wanda ya karɓi takardata ya juya ta gaba da baya, ya mayar mini, ya ce, "Madalla. To ajiye ta, zo mu hau."

Abin da za mu hau shi ne tankin ruwa na ƙarfe da ke bayan ofis, mai tsani duk tsatsa. Daga tagar ofis ba a ganin kudu, bishiyoyin mangwaro da gangaren madatsa sun tare. Sai ka hau saman tankin kake hango can ƙasan sama ta wajen Doguwa, inda kan hadari ke fara leƙowa fari fat kamar tulin auduga tun kafin kowa a ƙasa ya san da shi. A saman tankin Malam ya kafa ɗan akwatin katako mai ƙofa, a ciki ya rataye ƙaramin baƙin allo da guntun alli. Dokarsa ita ce a hau kowace sa'a, a kuma sake hawa duk lokacin da matuƙi ya kira, ko da yanzu aka sauko. Wanda ya hau sai ya rubuta ƙarfe nawa ne a allon da hannunsa, sannan ya sauko ya cika littafi. Da yamma a goge allon, gobe a sake.

Na tambaye shi amfanin allon, tunda ga littafi a ofis. Ya ce, "Littafi yana kusa da kujera, Habibu. Allo kuwa sai ka hau kake samunsa. Ba a duba sama daga zaune."

Wannan maganar ta ƙarshe na ji ta a bakinsa har ta gundure ni. A bayan idonsa mu ma'aikatan wurin mukan kira shi Sarkin Tsani, shi ma ya sani, bai taɓa nuna ya damu ba. Idan ya ga ina jan ƙafa wajen hawa sai ya ce, "Kada ka yi wa tsani rowar ƙafa, ba ya cin komai sai tafin hannu." Na sha ganinsa ya ajiye lomar tuwo a kwano don rediyo ta yi magana, ya hau, ya sauko, ya ba da amsa, sannan ya koma kan tuwon da ya riga ya huce. Na taɓa ce masa, "Malam, minti goma ke nan da saukowarka, me zai canza?" Ya ce, "Direban mota in ruwa ya tare shi, gefen titi zai samu ya tsaya. Shi wancan na sama ina gefen titinsa?"

Bai raina labarin kowa ba. Akwai wata Bafillatana mai tallan fura da nono, Dija, da takan biyo ta tashar kusan kullum. Kafin ya sayi komai sai ya gaishe ta da harshensu, ya tambaye ta inda aka yi ruwa jiya, da ta ina iska ta kwana, da ko shanu sun yi nisa da kiwo. Direbobin da suka fito daga hanyar Saminaka ma haka yake tare su da tambaya. Ni a lokacin ina ganin wannan zubar da ƙimar aiki ne, mutum da na'urori a gabansa yana tambayar mai ƙwarya. Shi kuwa yakan ce na'urarsa a Tiga take zaune, ita Dija daga inda iskar ta fito ta fito.

Abin da ya fi ba ni mamaki a aikinsa shi ne yadda ba ya jin nauyin cewa bai sani ba. Wata rana wani mai babbar gona, yana gaggawar zuwa Jos, ya karɓi rediyo daga hannun matuƙinsa ya matsa wa Malam lamba ya ce masa hanya a buɗe take. Ranar gajimare ya sauko ƙasa ƙasa, ba a ganin komai bayan Tudun Wada. Malam ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ban ce akwai hadari ba, ban ce babu ba. Ban gani ba." Alhajin ya yi faɗa, ya ce to me ake ajiye shi yana yi a wurin. Malam ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka. Har yanzu ban gani ba." Da ya kashe rediyon ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka riƙe wannan. In ba ka gani ba, ka ce ban gani ba. Shi ma rahoto ne."

A cikin matuƙan da ke kiranmu babu wanda ya shaƙu da Malam kamar Kyaftin Sale. Mutum ne mai fara'a, ɗan kimanin shekara arba'in, yana tuƙa ƙaramin jirgi mai kujera huɗu na wata babbar gona a ƙasar Kiru, inda suka share filin sauka na jar ƙasa. Baba Isiyaku yake kiran Malam. Duk lokacin da ya wuce ta saman tashar sai ya karkata fiffike sau biyu, gaisuwarsa ke nan. In ya dawo daga Jos yakan aiko mana da dankali da kabeji. Ya taɓa faɗa a gabana cewa in Baba Isiyaku ya ce masa hanya fes take, zai iya tashi ido rufe. Malam ya ɓata rai ya ce masa ya daina irin wannan magana.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce a farkon damina. Wajen ƙarfe takwas da rabi wani ya zo a kan babur ya ce babbar 'yar Malam da ke aure a Bebeji tana naƙuda tun jiya, abin ya yi tsanani, an kai ta asibiti. Babu lokacin neman izini daga manya. Malam ya sa hularsa, ya ce mini, "Habibu, sama tana hannunka," ya hau bayan babur suka tafi. A shekara uku da na yi tare da shi, ranar ce kaɗai na ga ya bar tashar a lokacin aiki.

Ƙarfe tara na hau. Kudu garau take, ko ɗigon gajimare babu. Na rubuta tara a allon a ƙarƙashin shida da bakwai da takwas na Malam, na sauko. Ranar akwai ɗaurin auren wani abokina bayan sallar Juma'a, kuma na ɗinka sabuwar farar shadda saboda shi. Gidajen ma'aikata suna nan kusa, sai na je na yi wanka na sa ta, na dawo na zauna a kujerar Malam ina jin kaina. Da goma ta yi na dubi tsanin, na dubi shaddar, na tuna yadda tsatsarsa ke bin hannun riga ba ta fita. Na leƙa ta taga na ga rana tana haskawa, na jawo littafi na kwafe abin da na rubuta na ƙarfe tara. Dija ta zo, na sayi fura. Tana damawa ta ce, "Yau ina Malam? Ka gaya masa iska ta juya tun safe, shanunmu sun ƙi yin nisa." Na yi dariya na ce zan gaya wa shanun su kawo rahoto a rubuce.

Gab da sha ɗaya rediyo ta yi ƙara.

"Tiga, Tiga, Sale ne. Baba Isiyaku na kusa?"

"Ba ya nan, Kyaftin. Habibu ne."

"To Habibu, Jos na nufa, zan ɗauko maigida. Yaya kudu? Ka hau?"

Ya tambaye ni. Wannan shi ne abin da ba ya barina in yi barci mai daɗi har yau. Bai ɗauka kawai na hau ba, ya buɗe baki ya tambaya. Da na ce masa ya ba ni minti biyar, da ya ba ni. Na dubi farin hannun rigata na ce, "Yanzu na sauko, Kyaftin. Kudu fes take."

Ya ce, "Madalla. Ka gaishe da Baba. Zan taho maka da dankali."

Ba a jima ba ya wuce ta samanmu, ya karkata fiffike sau biyu, na ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa. Na koma na cika layin sha ɗaya a littafi. Ko rabin sa'a ba a yi ba na ji ganyen mangwaro sun fara kaɗawa ta inda ba su saba ba, iska mai sanyi ta shigo ta taga ta ɗaga takardun teburi. A lokacin na hau tsanin, da shaddar da komai. Abin da na gani ba zan manta da shi ba. Kudu maso gabas gaba ɗaya ta zama baƙin bango tun daga ƙasa har inda wuya ke iya kaiwa, walƙiya tana tsaga shi. Hadari irin wannan ba ya haɗuwa a rabin sa'a. Da na hau ƙarfe goma, da na ga kansa. Na sauko, ko akwatin allon ban buɗe ba, na kama rediyo ina kiran sunansa. Babu amsa sai ƙarar tsawa a cikin na'ura.

Waɗanda suka san aikin sun ce mai yiwuwa ya hango duhun bayan ya wuce Tudun Wada, amma tunda Tiga ta ce masa yanzu aka duba, sai ya ɗauka ɗan siririn hadari ne da zai ratsa ta ƙarƙashinsa. Da ya shiga, bayansa ya rufe. Bayan kwana biyu makiyaya suka tarar da jirgin a jikin wani dutse a dajin Doguwa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, ƙaramarsu ko yaye ta ba a yi ba.

Malam ya dawo ranar da la'asar, sharkaf da ruwa. 'Yarsa ta sauka lafiya, amma ya riga ya ji a hanya cewa jirgi bai isa Jos ba. Bai tambaye ni komai ba. Ya buɗe littafi ya karanta layin goma da na sha ɗaya, ya rufe. Ya dubi shaddata da tsatsa ta yi wa zane a ƙirji da hannuwa. Sannan ya fita ya hau tankin ana sauran yayyafi, ya daɗe a sama fiye da yadda ya saba, ya sauko yana riƙe da gaban rigarsa, ya wuce gida. Washegari da na hau na tarar da ƙofar akwatin a buɗe, babu allo. Na ce iskar jiya ce ta yi gaba da shi. Allah Ya yafe mini, daɗi na ji.

Mutum uku suka zo daga Kano don bincike. Suka zauna a ofishinmu suka buɗe littafi, suka ga kowane layi a cike. Babbansu ya tambayi Malam wa ya ba da rahoton.

Ya ce, "Tashata ce ta bayar, yallaɓai."

"Kai kana ina?"

"Na bar wurin aiki ba da izini ba."

"Shi wannan da ka bari, ya iya aikin?"

"Ni na koya masa. In akwai gyara a aikinsa, a wurina za a nema."

Suka juyo kaina. Suka ce na duba sama kafin in amsa wa matuƙin? Malam yana zaune a gefena, idonsa a ƙasa. Na nuna musu littafin da yatsa, na ce hadarin farkon damina yana da saurin tasowa. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Suka rubuta cewa gogaggen ma'aikaci ya yi watsi da aikinsa ya bar wanda idonsa bai nuna ba, shi ya jawo aka yi kuskuren karatun sama. Ba a yi wata biyu ba aka sallami Malam Isiyaku daga aikin da ya yi kusan shekara talatin yana yi. Kujerarsa kuwa ni aka ba.

Ban san abin da ya fi ciwo ba tsakanin sallamar da abin da ya biyo bayanta. Magana ta zaga gari ta canza kama, har aka koma cewa wai cin shinkafar suna ya tafi ya bar jirgi ya faɗi. Muka je Kano tare yi wa iyalin Kyaftin ta'aziyya. A ƙofar gida yayan matar ya tare shi ya ce, "Malam, ka koma. Ba ma bukatar gaisuwarka." Malam ya ce, "Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri," ya juya ya je ya tsaya a inuwar wani shago. Ni aka shigar da ni, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo mini ruwa, ana cewa Allah sarki, yaron da aka bari shi kaɗai da aikin da ya fi ƙarfinsa. Na sha ruwan. Na fito na same shi inda na bar shi, muka hau mota, har Tiga yana ta tasbihi.

Ya koma garinsu Dangora ya kama noman dawa da gyaɗa. Ni kuwa tun daga ranar ban sake tsallake sa'a ɗaya ba. Na hau tsanin nan da zazzaɓi, na hau shi cikin ruwa, na hau shi ranar da aka yi mini haihuwa. Na sayi sabon allo na rataye. Duk wannan bai dawo da kowa ba, kuma na sani. Kowace Sallah nakan je gaishe shi da goro da ɗan sukari. Yakan tarbe ni da murna, ya tambayi uwata da ke hannuna ba ta gani, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi ko an gyara ma'aunin iska. Sau ɗaya, da ya rako ni bakin hanya, ya tsaya ya ce, "Habibu, akwai magana ne?" Na ce, "Babu, Malam, gaisuwa ce kawai." Ya ce, "To. In ta zo, ina nan." Na hau mota ina kuka, amma ban sauko ba.

Shekara biyu da suka wuce aka rufe tashar, aka mayar da ni ofishin gona. Matuƙa sun daina kira. A wani zuwa Kano wani tsohon abokin aiki ya kai ni inda suke samun labari yanzu. Kwamfuta ce da aka haɗa da layin tarho, mutum ya danna, hoton gajimaren ƙasar nan gaba ɗaya ya fito masa daga tauraron ɗan'adam, da rahoton filayen jirgi na nesa da na kusa. Na ɗauka in na ba Malam labari ransa zai sosu, ganin an maye aikin rayuwarsa da akwati. Da na gaya masa sai na ga fuskarsa ta washe, yana ta tambaya kamar ɗalibi.

Ya ce, "Tana nuna bayan duwatsun Doguwa?"

Na ce tana nunawa.

Sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ran mutum ba zai rataya a ƙafar wani ba." Can kuma ya ƙara da cewa, "Amma ka ce musu su riƙa duba lokacin da aka ɗauki hoton. Hoton ƙarfe tara ba saman ƙarfe sha ɗaya ba ce." Na dube shi, shi kuwa yana ta ɓare gyaɗarsa. Na ce wa kaina misali ne kawai ya bayar, domin haka na fi so in ɗauka.

Ranar da labarin rasuwarsa ya same ni na isa Dangora da azahar. Na zauna cikin masu zaman makoki a ƙofar gida, ana ta faɗin alherinsa, amma na lura babu wanda ya ambaci aikinsa na Tiga, kowa yana kauce wa wurin don kada a tayar da abin kunya. Bayan la'asar aka ce Inna Saude, uwargidansa, tana kirana a soro na ciki. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta miƙo mini wani abu naɗe a tsohon rawani.

Ta ce, "Ya ce in ya riga ka, a ba ka wannan, kayan aikinka ne. Shekara da shekaru yana ƙasan akwatinsa, ko ƙurarsa bai yarda in kaɗe ba."

Na warware. Allon ne. Allin ya dushe amma ana karantawa. Shida, bakwai, takwas da hannunsa, tara da hannuna, daga nan babu komai har ƙasa.

Inna ta ce, "Ni ban san me ke ciki ba, bai taɓa gaya mini ba. Na dai taɓa yi masa ƙorafin yadda aka yi masa, ya ce in bari, shi 'ya'yansa sun girma, wani kuwa nasa ƙanana ne ga uwa makauniya." Ta goge ido da gefen mayafi ta ci gaba. "Ya kuma bar maka saƙo. Ya ce in gaya maka nasa ya yafe tun ranar. Amma ya ce akwai wanda ba nasa ba ne, ba shi da ikon yafe shi, kai ka san ƙofar."

Ashe ya sani tun kafin rigarsa ta bushe. Ya sani lokacin da yake zaune a gefena ina nuna littafi da yatsa. Ya sani lokacin da yake tsaye a inuwar shago ni ina ciki ina shan ruwa. Mutumin da bai taɓa yarda ya faɗi abin da bai gani ba, ya ga wannan da idonsa, ya ɓoye shi a cikin rigarsa saboda ni, ya zauna shekara goma sha ɗaya yana jiran in buɗe baki da kaina. Ni kuwa na bar shi yana jira har ƙasa ta rufe masa ido. Ba ni da wani uzuri da zan kawo. Farar shadda ce ta hana ni hawa, kuma tun a ranar ta lalace.

Saboda haka jama'ar Tiga da Dangora da Bebeji, da duk wanda ya taɓa jin wancan labari ya kuma bayar da shi gaba, ku ji daga bakin wanda ya aikata. Malam Isiyaku bai tafi cin suna ba, ya tafi ne wurin 'yarsa da ke tsakanin rai da mutuwa. Ya bar tasharsa a hannun wanda ya koya wa aiki sarai, wanda ya san doka ya take ta. Ni ne ban hau ba, ni ne na ce na hau. Na san wannan wankin ya zo a makare, mai rigar ba ya nan balle ya sa ta. 'Ya'yansa dai su ɗaga kai, ubansu bai ci amanar kowa ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Isiyaku, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya rufa asirin wanda bai cancanta ba, Ka rufa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka ba Inna Saude da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, Ka zama gatansu a bayansa. Ka jiƙan Kyaftin Sale, Ka sa ya huta, Ka raya abin da ya bari, Ka sanyaya zuciyar matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana jin haushin wanda bai yi mata komai ba. Jibi in Ka kai mu zan tafi Kano da allon nan a hannuna, zuwa ƙofar da aka kori Malam aka shigar da ni. Ban roƙe Ka su yafe mini ba, wannan nasu ne. Ka ba ni ikon isa ƙofar, Ka hana ni juyowa da maganar a bakina. Amin.